Ganuwar Ma'azu

Ubana bai bar mini shanu ba,
bai bar mini rumfa a kasuwar Dole ba.
Tudun laka ya bari, taku ɗari da sha biyu,
gicciye a bakin kwarin nan na gabas da Durum,
da ruwa jingine a bayansa
kamar baƙon da ya ji daɗin masauki.

Rani uku ya yi yana tara ta,
jaki biyu, amalanke ɗaya, kwando a ka.
Ana cewa Ma'azu ya zautu:
a Damagaram, inda dutse ya fi rijiya yawa,
wa ya taɓa ɗaure ruwa da ƙasa?
Bai tanka ba. Ya zuba, ya yayyafa, ya daɓe,
ya sake zubawa.

Yau ga shu, ga salati, ga albasa tana kumbura.
Garken Jauro na sha daga gefen arewa,
ƴan tubali na kwaɓa tasu can nesa da gindi,
don na hana a haƙa kusa.
Tarwaɗar bara ta biya kuɗin lakkwal ɗin Habsu,
har da canjin takalmi.

Amma ni ba na barci irin na masu lambu.
Kafin rana ta fito ina bisa ganuwa,
ba takalmi, don tafin ƙafa ya fi ido jin danshi.
Ina neman ramin gafiya,
ina neman inda gara ta yi masauki,
ina tsugunnawa gun ɗan tsattsafon gindin kudu
in tara shi a hannu.
In ya fito garau, in gode wa Allah.
Ran da ya fito da ja,
to ganuwa ce ke bin ruwa tana tafiya.

Akwai bedin da ya shuka a bisa kanta.
Nan yake zama da butarsa.
Saiwa ta yi kauri, ta kama hanyar ruwa.
Na yi wata biyu ina zagaya itacen,
sannan na aro gatarin Ilu.
Inna ba ta yi mini magana ba har Juma'a.

Ƙasa da ni gida bakwai ne.
Na farkonsu na Tsahara,
wadda ta taɓa kai ni gaban mai gari
kan sauro, kan tsargiyar ɗanta,
kan akuyar da laka ta riƙe har ta mutu.
Na yi shingen ƙaya, na kafa gwangwani da tulu
don yara su daina shiga.
Gaisuwarmu dai ba ta dawo ba.

Daren marka, kwana uku sama ba ta ɗauke ba,
ruwa ya haye zanen da Baba ya yi a kan dutse.
Saura kamu ɗaya ya leƙo.
Ruwan nan shi ne albasata, shi ne kifina,
shi ne ranina duka.
Na ɗauki shebur na nufi mafita,
na tarar da fitila ta riga ni:
Tsahara, zane ɗaure a ƙugu,
tana janye karan da ya toshe bakin.

Ba wanda ya ce sannu.
Muka haƙa har kiran assalatu,
muka saki rabin abin da na tara
ya bi gefen dutse, ya wuce gidajen bai taɓa danga ba.

Takarda ta ce madatsar tawa ce,
da tambarin hukuma a ƙasa.
Da gari ya waye ta dubi ganuwar,
ta nuna wata tsaga da babban yatsan ƙafa,
ta ce, nan ma,
ta ɗauki fitilarta ta sauka.

Na je na ɗebo yumɓu.